Fuskar Tanko a Katakon Rijiya

Inna Tabawa ta shigo shagonmu da katako a goye. Na ɗauka jariri ne, har na janye littafin da nake karantawa daga kan benci don ta sami wurin zama. Sai da ta kwance zanen ta aza abin bisa tebur na ji ƙarar itace.

Shagon na Kawu Alkasum ne, ƙanen mahaifiyata, ɗaki guda a bayan kasuwa. A ciki yake da mashin ɗin lazer, wani akwatin ƙarfe mai murfin gilashi da ke zana hoto a jikin katako ko fata da ɗan siririn haske mai ƙuna. Ni ce mai gyara hotuna a ordinatar, wato kwamfuta, kafin a ba mashin. Na ci bak, jarrabawar gama sakandare, a shekarar da sojoji suka karɓi mulki, na zauna jiran tafiya karatu wadda ba wanda ya san ranarta. Kawu ya ce da mahaifiyata, tunda dai yarinyar nan in ta ga baƙo bakinta mutuwa yake, ta zo ta zauna da hotuna, su ba sa tambayar kowa komai.

Aiki ya yi baya a lokacin. Iyaka a rufe, katakon da ake kawo mana daga kudu ya daina zuwa, baƙi masu sayen tsaraba sun ɗauke ƙafa. Ƴan maƙalan makulli masu tuta muke yi da guntayen fata. Kuran kuwa, wato wutar lantarki, sau ɗaya yake leƙo unguwarmu, wajen ƙarfe goma na safe, in ya kai azahar sai godiyar Allah.

"Sannu da zuwa, Inna. Ina gajiya?" in ji Kawu.

"Babu gajiya. An ce nan ne ake sa mutum cikin itace."

"Hotonsa dai, Inna. Mutum kam ba mu kai nan ba tukuna."

Ba ta yi dariya ba. Ta laluba ƙullinta ta fito da wani tsohon gwangwanin shayi, ta buɗe, ta zaro kati. Katin ƙungiyar masu garka ne, wato masu lambu, na Dabaga, ya yi laushi kamar tsumma. A kusurwarsa an manna hoto wanda bai fi akwatin ashana ba. Wani mutum ne dogon fuska, baƙi, ya ja rawaninsa ƙasan haɓa, ya ƙanƙance ido kamar rana na dukansa. An rubuta sunansa da alƙalamin bik a ƙasa: Tanko.

"Mai garka ne," ta ce.

Ba ta faɗi sunan mijinta ba, mu ma ba mu sa rai ba.

"Shekara shida da rasuwarshi. Na riƙe garkar nan da ɗan ƙarfin da Allah ya bar mini. Bana rijiya ta ƙiya. Muka yi yasa, muka ƙara gaba biyu, sai busasshen yashi. Albasa ta ƙone a tsaye. Ɗiyata Aissa ta aiko a taho da ni nan Tudu wurinta. An gama loda kaya na ce ma mai mota ya dakata, na koma na ciro wanga." Ta dafa katakon. "Na bakin rijiya ne. Shi ya sassaƙa shi, shekarar da na tare."

Itacen aduwa ne, tsawonsa kamu ɗaya da ɗan abin da ya ɗara. A gefe guda igiya ta ci shi, ta bar kwari huɗu masu santsi. Kawu ya juya shi, ya ƙwanƙwasa, ya shinshina.

"Babu wani hoton? Ko a portabul, wayar Aissa?"

"Shi ke nan. Ba ya son hoto. Wanga ma dole aka yi mishi."

"To, Inna, ki saurare ni da kyau. Mashin ɗin nan ba ya goge kuskure. Inda ya ƙona, ya ƙona. In katakona ne ya lalace sai in ɗauko wani. Naki guda ne."

"Na sani."

"Bon. Jibi ki dawo da safe. Habsa za ta gyara hoton, ni in kankare bayan katakon ya yi sumul. Za mu fara gwada miki a kwali, in kin ce ya yi, sannan mu sa a itace."

Sai a lokacin ta dube ni. Idanunta sun yi fari-fari a gefe, irin na wanda gani ya fara yi wa nisa. Ta miƙo katin da hannu biyu, na karɓa da hannu biyu. Na so in ce mata kada ta damu, sai na sunkuyar da kai.

Ranar, kafin kuran ya tafi, na ɗauki hoton da na'ura ya fito a ekran, fuskar ordinatar, girman faranti. Na mai da katin cikin gwangwaninsa na rufe na sa a aljihun tebur, don ina tsoron ko gumin hannuna ya ƙarasa shi.

A katako babu launi. Abu biyu ne kawai, inda wuta ta taɓa da inda ta bari. Baƙi shi ne ƙuna, fari kuwa itacen ne da kansa. Fuskar baƙin mutum in aka ba mashin ita yadda take, dunƙulen gawayi za ta fito, ido biyu kawai ke leƙowa. Sai an ɗaga hasken goshi da karan hanci da saman kumatu kaɗan-kaɗan, ba tare da an mai da mutum buzu ko Balarabe ba. Bayan nan a cire bangon da ke bayansa, a ƙara wa ido da gira kaifi, sannan a farfasa hoton duka ya koma ɗigo-ɗigo kamar an watsa gero. Inda ɗigo suka cunkushe ya yi duhu, inda suka warwatse ya yi haske. Wannan duk na iya shi, na yi wa hotunan biki da na suna fiye da ɗari.

Amma hoton Tanko ya sha wuya. Hatimin ƙungiya ya hau kafaɗarsa ta dama, shuɗi-shuɗi, sai da na yini ina tsince shi ina sake saƙa rigar da ke ƙarƙashinsa. Ga kuma fararen layuka uku. Na farko ya ratsa hoton daga gefe zuwa gefe ta kan ƙirji, na biyu ya sauko daga sama ta rawani ya wuce ta bayan kunne. Waɗannan karaya ce ta ninki, ko yaro ya gani ya sani. Na uku ya taso daga ƙasan idon hagu, ya ɗan lanƙwasa, ya tsaya kusa da gefen baki.

Na lura bai kai bakin hoto ba. Na lura. Na tsaya a kansa na ɗan lokaci da hannuna bisa suri, wato linzamin ordinatar, na ce a raina wataƙila farce ne ya karce shi, ko murfin gwangwanin nan. Kawu ya leƙo ta bayana da kofin shayi a hannu.

"Madmazel Bak, kallon me kike? Share duk wannan ƙazanta. Tsohuwa na son mijinta fes."

Na debo fata daga kumatun dama na lulluɓe layin. Ya ɓace kamar ba a taɓa yinsa ba. Mutumin ya yi kyau ƙwarai. Na ji daɗin aikina, ba zan ɓoye ba, har na ƙara kallonsa sau biyu kafin in kashe ordinatar.

Bayan kwana biyu ta iso tun kafin ƙarfe tara, ta zauna a benci hannuwa bisa gwiwa. Zafi ya riga ya sauko. Kawu ya kankare katakon ya fito rawaya-rawaya, mai tsabta, ya jingine shi a bango. Muka zauna jiran kuran. Ba wanda ke magana sai rediyon Bahago baduku, maƙwabcinmu, ana karanta wata sanarwar soja, shi ma da ya ga mutane na wucewa ya rage murya.

Goma da kwata fanka ta motsa.

"Alhamdu lillahi. Habsa, vite, maza, kwali."

Gwajin kwali ba ya daɗewa, don ƙarami ake yi. Da ya fito Kawu ya hure tokar ya miƙa mata. Ta kai shi kusa da hancinta, ta nisanta shi, ta juya wajen hasken ƙofa. Ta daɗe.

"Ya yi kyau," ta ce a hankali. "Allah shi yi albarka. Kyakkyawan mutum."

"Voilà!" in ji Kawu. "Ba na gaya miki ba? Yarinyar nan baki ne ba ta da shi, hannu akwai."

Ya ɗauki katakon ya shimfiɗa a cikin mashin, ya danne kusurwoyinsa, ya auna, ya sake aunawa. Ni kuwa idona na kan tsohuwar. Kwalin na bisa cinyarta, babban yatsanta na yawo a kan kumatun hoton, ya hau ya sauka, ya hau ya sauka. Fuskarta kuma tana kallon ƙasa. Na ga mata da yawa sun karɓi hoton mamacinsu a shagon nan. Wasu kuka suke, wasu su yi ta dariya suna cewa kai, kamar ya yi magana. Ban taɓa jin wadda ta ce kyakkyawan mutum ba. Haka ake faɗa in an nuna maka hoton mijin wata.

"Aiko hoton ga mashin," in ji Kawu.

Na aika. Ya yi bismilla ya danna maɓalli. Minti arba'in da biyar mashin ya nuna.

Daga ƙasa yake farawa. Kan hasken ya tafi dama ya dawo hagu, layi bisa layi, kowane layi bai kai kaurin gashi ba, yana hawa sama sannu a hankali. Ƙamshin aduwa mai ƙuna ya cika ɗakin. Kawu ya tsaya ya ga layukan farko sun kama, ya ce, "Kada wanda ya jingina da teburin nan," ya fita ƙofa wurin shayin Bahago.

Na zauna, na kasa zama. Na buɗe aljihun tebur, wai in shirya mata katinta. Na ciro shi daga gwangwani. Kwana biyu ina kallon mutumin nan a ekran, ban ƙara duban takardar kanta ba tun ranar farko. Na matsa bakin taga na karkata ta, haske ya kwanta a kan sheƙin hoton. Layin ƙirji ya fito a karye, sheƙin ya tsage. Na bayan kunne ma haka. Na sa farce na bi su, na ji kaushi.

Na bi na uku. Sumul. Sheƙin bai tsage ba ko kaɗan. Layin nan ba a kan takarda yake ba, a fuskar mutumin yake ranar da aka ɗauke shi.

Na leƙa murfin gilashi. Hasken ya gama ƙirji, yana cikin wuyan riga.

Da tabon baƙi ne da da sauƙi, in an gama sai a koma a ƙara ƙona layi ɗaya a kai. Amma fari ne. Fari kuwa sai dai a bar itacen a wurin kada wuta ta taɓa shi. In hasken nan ya hau kumatun Tanko ya zuba ɗigonsa, babu mai mai da wurin fari har abada.

Na ƙiyasta. Daga wuyan riga zuwa gefen baki, minti shida, ko biyar.

Na buɗe baki in kira Kawu. Yana bakin ƙofa ya ba ni baya, yana ba Bahago labarin wani direba da aka tsare a shingen soja kwana biyu da lodin tumatir. Suna dariya. Tunda na zo shagon nan doka ɗaya ya kafa mini, in aiki ya fara ba mai taɓa mashin sai shi. Kuma in na tsayar, kuran ya tafi kafin mu gama, rabin mutum ke nan a katakon da babu irinsa. To in kuma ni ce ban gane ba fa? In tabo ne da ba ta son gani? Ita da bakinta ta ce ya yi kyau. Wa ya aike ni?

Hasken ya shiga naɗin rawanin da ke ƙasan haɓa.

"Kawu," na ce. Ni kaina ban ji muryata ba.

Na dubi Inna Tabawa. Ta kife kwalin a kan benci, fuska a ƙasa. Tana zaune tana kallon ƙafafunta.

Na miƙa hannu na danna maɓallin dakatarwa.

Shirun da ya biyo baya ya fi ƙarar tsoratarwa. Kawu ya waiwayo da kofin shayi a hannu, ya dubi fanka, ya ga tana juyawa, ya dube ni.

"Ça va pas? Wa ya taɓa?"

"Ni ce."

"Ke ce! Kin san ƙarfe nawa? Kin san mutanen nan in sun ɗauke sai gobe? Matsa nan!"

Ban matsa ba. Na juya wajen tsohuwar da katin a hannuna. Yarinya kamata ba ta tambayar dattijuwa yadda fuskar mijinta take, kuma a gaban maza. Na durƙusa gabanta don kada muryata ta yi nisa.

"Inna, ki gafarce ni. Baba... yana da wani abu a nan?" Na taɓa kumatuna na hagu.

Ta ɗago. Ta dube ni har na fara nadamar tambayar. Sannan ta ɗora yatsa ƙasan idonta, ta ja shi a hankali, ya lanƙwasa, ya tsaya gefen bakinta. Daidai inda layin yake.

"Na neme shi ban gani ba," ta ce. "Na ce ko idona ne. Ko kuma haka mashin yake yi ma mutane."

"Haba Inna!" in ji Kawu. "Me ya hana ki faɗa? Don me muka yi kwalin?"

"Yarinya ta yi kwana biyu tana wahala. Kai kuma kana ta murna. In ce mi?"

"Ni na goge shi," na ce. "Na ɗauka karcewa ce."

"Karcewa ce mana. Ni na karce shi." Ta gyara zama. "Shekarar wancan fari, na da, kafin a haifi uwarki ma wataƙila. Ya shiga rijiya yana yasa, ni ina sama ina janye guga. Igiya ta kuɓuce mini. Guga cike da duwatsu, ɗiyata. Ya fito jini har ƙirji, na ce shi ke nan na kashe ɗan mutane wata bakwai da aure. Da uwarshi ta tambaya ya ce raƙumi ne ya ture shi bisa dutse. Har ya koma ga Allah raƙumin nan ake zagi."

Bahago, da ya leƙo kai ta ƙofa, ya fashe da dariya, ya kama bakinsa. Kawu bai yi dariya ba. Agogo yake kallo.

"Sha ɗaya saura biyar. Za ki iya mai da shi?"

"Na ajiye na asali."

"Ba wannan na tambaye ki ba. Wanda ke cikin mashin ba ya gyaruwa, sai an soke shi an aiko sabo. Sabon kuma dole ya tashi daidai inda wancan ya tsaya. In kin sauko da gashi ɗaya, baƙin layi a wuyansa. In kin hau da gashi ɗaya, farin layi, kamar an yanka shi. Kin ji?"

"Na ji."

"To zauna. Ba mai numfashi kusa da katakon nan."

Na zauna. Suri ya yi ta zamewa a hannuna saboda gumi, sai da na goge tafina a zane sau uku. Na buɗe hoton asali, na ciro tabon, na mai da shi inda yake. Na ɗan ƙara masa haske, don siririn layi irin wannan in an farfasa hoto ɗigo kan haɗiye shi. Na farfasa. Ya ɓace rabi. Na koma baya na ƙara masa kauri kaɗan, na sake farfasawa. Ya tsaya. Fuskar ta sauya gaba ɗaya. Mutumin jiya mai sumul ya tafi, wannan kamar yana shirin faɗin wata magana da gefen baki.

Mashin ya nuna ya tsaya milimita tamanin da huɗu daga ƙasa. Na yanke duk abin da ke ƙasan nan daga sabon hoton. Na duba lambar sau huɗu. Ina cikin na biyar sai ƙasa ta fara rawa. Manyan motocin soja ne ke wucewa ta babban titi, ɗaya bayan ɗaya. Kofunan shayi suka yi ta kaɗawa a faranti. Kawu ya ɗora tafukansa biyu a kan akwatin mashin kamar mai riƙe da akuya, bakinsa na motsi. Ba wanda ya leƙa waje. Na ƙirga tara.

Da suka wuce ya sunkuya ya duba kusurwoyin katakon da ido, bai taɓa ba.

"Bai motsa ba. Ina jin bai motsa ba. Aiko."

Na aika. Ya kai ɗan jan ɗigon da ke nuna inda haske zai faɗa, ya tsaya a bakin layin ƙarshe. Ya ɗaga yatsa zai danna, sai ya fasa.

"Zo ki danna. Tunda kin iya."

Na danna.

Layin farko ya fita. Na biyu. Na manna goshina a gilashi. A mahaɗar akwai ɗan siririn duhu, kamar zare ya kwanta a cikin naɗin rawani. In ba an nuna maka ba sai ka ce ninkin yadi ne. Kawu ya ja dogon numfashi ta hanci.

Haɓa ta fito. Leɓen ƙasa. Sai ga shi a gefen baki, wani ɗan wuri da hasken ke tsallakewa duk sanda ya zo wucewa, ya bar itacen rawaya. Ya yi ta hawa tare da kumatu, yana lanƙwasa. Ban san na riƙe hannun tsohuwar ba sai da ta ce, "Za ki karya mini yatsu." Ta taso ta tsaya kusa da ni, ko da yake na san ta gilashin nan da hayaƙi ba abin da take gani.

Hanci. Idanu, a ƙanƙance. Gira. Saura minti tara. Goshi ya cika, rawani ya fara, naɗi na farko, na biyu. Saura biyar.

Fanka ta yi wani ƙugi ta fara sassautawa. Hasken ya mutu a tsakiyar layi.

"Innā lillāhi," in ji Kawu. Ya bugi cinyarsa. "Minti biyar! Minti biyar kawai, jama'a!"

Ya ɗaga murfin, hayaƙi ya fita. Ya hure tokar a hankali. Tanko na kwance a cikin mashin, tun daga ƙirji har goshi, rawaninsa ya tashi ya tsaya a rabi, sama da nan itace ne fili.

Inna Tabawa ta sunkuya har hancinta ya kusa taɓa katakon. Ta tsaya haka. Sai na ga ta ɗago da sauri, ta ja mayafinta da ya zame ta rufe kanta, ta kau da fuska gefe kamar wadda aka shigo wa ɗaki ba sallama.

"Kai, mutumin nan," ta ce, ba da mu take ba.

Kawu ya yi gyaran murya. "Inna, kada ki taɓa. A bar shi yadda yake har gobe. In kuran ya dawo yarinyar nan za ta ƙarasa rawanin, yanzu ta san hanya. Amma in an ɗaga shi daga nan, shi ke nan, ba ya komawa daidai."

"Ya kwana nan?"

"Dare ɗaya. Zan kulle da kaina."

"A'a."

"Inna, rabin rawani fa."

"Na gani. Shekara arba'in da huɗu bai taɓa kwana a waje ba, ba a shagonka zai fara ba. Ciro mini shi."

Kawu ya dube ni, wai ko zan ce wani abu. Ni ma ina son rawanin nan ya cika, na san kowane naɗi nasa, na yini a kansu. Amma na sa hannu na kwance abin da ya danne kusurwoyin. Katakon da sauran ɗumi. Na miƙa mata da hannu biyu.

Ta shimfiɗa zanenta ta naɗe shi, na taya ta ɗora shi a baya, ta ɗaure. Na sa katin a gwangwani na ba ta. A bakin ƙofa ta tsaya ta juyo.

"Ke, mi ne sunanki ma?"

"Habsa."

"Habsa. Kwana biyu kin zauna kina ƙare ma mijin mutane kallo, ko kunya babu. Ki zo Tudu ranar Juma'a, ki tambayi gidan Aissa mai tabarma. Ina da sauran dabinon garka."

Ta fita cikin rana. Kawu ya ɗauki kwalin gwajin daga kan benci, ya juya shi, ya kalli kyakkyawan mutumin da ke jiki.

"Wannan kuma mijin wa za mu ce?"

Ya miƙa wa Bahago ya fifita garwashi da shi.